Wai ina kuɗin makaɗan jita ke shiga idan sun tafi zagayen wasa a Turai da Amurka?

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Kowa ya san sunan da makaɗin jitar nan na Nijar, Mdou Moctar, ya yi a waje, tun 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ke fitar masa da faifai. Ka duba bidiyon wasansa, zaure cike maƙil, Turawa na ta tsalle. To amma da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, shi da yaransa suna tsakiyar zagaye a Amurka, hanyar gida ta toshe, sai ga shi an buɗe musu asusun karo-karo a intanet don su samu na masauki da na abinci. Mutumin da ake biya da dala fa! Manajoji ne ke cinye su, ko yaya abin yake?

Auta:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wani dogon bayani, Yaya.

Injiniyan Sauti:
Wa alaikumus salam. Auta, da gaskiyarka ta wani gefen, amma gardin ba ɗaya ba ne, kuma wasu cikinsu haƙƙinsu suke karɓa. Ni a Beljiyam nake, aikina haɗa na'urorin sauti, wani lokaci kuma in tuƙa wa ƙananan ƙungiyoyin rock mota. Bari in yi muku lissafin misali.

Mu ƙaddara zaure mai cin mutum 500, tikiti dala 25. In an sayar da duka, dala 12,500 ke nan. Wanda ya shirya wasan zai fara cire hayar zaure, masu tsaro, masu haske da sauti, da kuɗin talla. Mu ce ƙungiya ta tashi da rabi. A cikin rabin nan, ejan da ya samo wasan yana da kashi 10 cikin ɗari, manaja yana da 15 zuwa 20. Kuma daga sama ake yanke nasu, kafin a sayi ko litar mai ɗaya. Sai hayar mota, sai mai, sai kuɗin hanya, sai ɗakunan otal, sai hayar ganguna da amfilifaya tunda ba za ka ɗauko su daga Agadas a jirgi ba, sai albashin direba da irina, sai kuɗin abincin kowa na kullum. Ranar da ba wasa, duk waɗannan suna nan suna ci, ba abin da ke shigowa. Abin da ya rage shi za a raba wa mutum huɗu ko biyar.

Kuma fa wannan daren da zaure ya cika ke nan. Daren Litinin a ƙaramin gari, ka ga mutum 80.

Hajiya Akanta:
Injiniya ya manta da gwamnati, ita kuwa ba ta mantuwa. A nan Amurka, baƙon da ba mazaunin ƙasa ba in ya zo wasa, doka ta ce a riƙe kashi 30 cikin ɗari na kuɗinsa don haraji, kuma daga jimillar kuɗin ne, ba daga riba ba. Akwai yarjejeniyar da ake yi da hukumar haraji ta IRS don a rage, a kai musu lissafin abin da za a kashe, amma sai an shigar da takardu aƙalla kwana 45 kafin wasan farko. Wanda bai sani ba, ko wanda bizarsa ba ta fito da wuri ba, haka zai ga an yanke masa.

Ita ma bizar ba ta yawon buɗe ido ba ce, ta aiki ce. Kafin 1 ga Afrilun 2024 kuɗin shigar da takardar neman izinin ƙungiyar makaɗa dala 460 ne. Daga ranar ya koma 1,015, ga wata 600 da aka ɗora, jimilla 1,615, sai dai ana sassauta wa ƙananan kamfanoni. In kana sauri kana so a duba maka cikin makonni biyu zuwa uku, a shekarar sai ka ƙara 2,805. Ban sa kuɗin lauya ba, ban sa dala 205 da kowane mutum zai biya a ofishin jakadanci ba. Duk wannan kafin a taɓa tsirkiya ɗaya. In aka hana mutum ɗaya biza, kuɗin sun tafi.

Ɗan Tawa:
Tabɗi! Hajiya ashe kafin a fara wasa an riga an shiga bashi.

Injiniyan Sauti:
Ƙwarai. Ƙara da tikitin jirgi daga Yamai, ba jirgin da ke tafiya kai tsaye zuwa Amurka, sai an yada zango. Kafin Yamai ma, daga Agadas kusan kilomita dubu ne, kuma kai ɗan Tawa ne, ka fi ni sanin halin hanyar nan.

Kada ku ɗauka 'yan Afirka kaɗai abin ke ci. A 2014 wata ƙungiyar Amurka mai suna Pomplamoose ta baje lissafinta a fili. Kwana 28, wasa 24, birane 23. Tikiti ya kawo musu dala 97,519, sayar da riguna da faifai 29,714, wani kamfanin kwamfuta ya ɗauki nauyi da 8,750. Jimilla 135,983. Abin da suka kashe 147,802. Suka dawo gida da asarar dala 11,819. A ƙasarsu fa, ba biza, ba jirgin tsallake teku.

Auta:
Wannan kam almubazzaranci ne. Ka samu dala dubu 135 cikin wata guda ka ce ka faɗi? Su kwana a mota mana.

Injiniyan Sauti:
Haka mutane da yawa suka faɗa musu a lokacin, an zage su sosai. Amma babban abin da ya ci kuɗinsu albashi ne, sun ɗauki makaɗa da ma'aikata sun biya su ko an ci riba ko ba a ci ba. Ni dai ba zan zagi wanda ya biya ma'aikacinsa ba. Kwanan mota kuma, Auta, gwada shi mako uku a watan Nuwamba a Jamus sannan mu yi magana.

Bayan korona abin ya ƙara tsanani. A 2022 Santigold ta soke zagayenta na Amurka, Animal Collective suka soke nasu na Turai, kuma duka sun fito sun ce lissafi ne ya ƙi: mai ya hau, jirgi ya hau, otal ya hau.

Mai Jita Agadas:
Ina gaida manya. Ni kiɗan biki nake yi, ban taɓa hawa jirgi ba, kuma wallahi jin bayanin nan sai na ji ba ni da hasara. Mu a nan mai biki zai zo a yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami. Mu hayo janareto da lasifika, mu ɗora a mota ko a babur, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mu buga. A yi liƙi, a ci abinci, in kwana a ɗakina. Ba ejan, ba lauya, ba mai riƙe kashi 30. Lokacin bukukuwa, bayan Sallah ko kafin azumi, wani lokaci wuri biyu muke yi rana ɗaya. Etran de l'Aïr da kuke gani yanzu suna yawo a duniya, tun 1995 suke kiɗan biki a garin nan, 'yan'uwa ne 'yan gida ɗaya, da shi suka riƙe kansu shekaru kafin wani Bature ya san da zamansu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake yi wa wanda ya je waje. Ya sauka yau, gobe dangi sun cika gida, kowa da buƙatarsa. Ganin kitse ake wa rogo. In ya ce bai samo ba a ce rowa.

Maman Ikram:
To Malam, in haka ne me ya sa kowa ke son tafiya? Kai ma in aka kira ka gobe ai ba za ka ƙi ba 😄

Mai Jita Agadas:
Hajiya, kafin a ajiye waya na haɗa jaka 😂

Hajiya Akanta:
Kuma da dalilinsa. Kada mu zarce mu ce ba komai a ciki. Ko da mutum ya tsira da dala 2,000 bayan wata guda, juya ta zuwa sefa ka gani, ta haura miliyan ɗaya. Ga Ba'amurke mai biyan hayar ɗaki a New York ba ta kai ko'ina ba, ga mai iyali a Agadas kuɗi ne. Sannan zagayen farko ba don riba ake yinsa ba, don a san ka ne. Bana ka yi wa mutum 150, baɗi 400, shekara ta uku manyan bukukuwan kiɗa na bazara su kira ka, su ne ke biya da tsoka. Masu wayo suna fara kama bukukuwa biyu ko uku masu kuɗi, sannan su cike tsakaninsu da ƙananan wasanni don kada mota ta tsaya a banza.

Dubi Bombino. A 2013 Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys ya yi masa furodusan faifai, daga nan ƙofofi suka buɗe, har faifansa na 2018 ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Tinariwen na Mali kuwa sun ci Grammy ɗin a 2012. Irin wannan suna shi ke ɗaga farashi.

Ɗan Tawa:
To faifan fa? Na ɗauka a can kuɗin yake. Miliyoyin mutane na saurare a Spotify.

Injiniyan Sauti:
Sauraro ɗaya a Spotify bai kai rabin santi ba. Sauraro miliyan guda, ka ce dala dubu uku zuwa biyar, kuma hannun kamfanin faifai suke fara shiga. Kuɗin da kamfani ya ba ka tun farko na ɗaukar waƙa ba kyauta ba ne, sai ya fanshe su daga kasonka kafin ka ga sisi. Tun 2024 ma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba, ba a biyanta komai.

Teburin sayar da riguna da faifai shi ne ke ceton ƙananan ƙungiyoyi. Shi ya sa za ka ga makaɗi ya sauko jiƙe da gumi ya tsaya bakin ƙofa yana sa hannu a faifai. Nan ma wasu zaurukan sai sun karɓi kashi 20 ko 25 na cinikin, don kawai sun ba ka tebur. Wannan kam zalunci nake kiransa, ba su buga riga ba, ba su ɗauko ta ba.

Ɗan Sakkwato:
Ku bar ni in yi alfahari kaɗan. Faifan Mdou na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin sautin kwamfuta na waƙoƙin finafinanmu. Ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji, ya yi ta cigiya har ya same shi. Duk yaɗuwar nan ta waya ba ta kawo masa kuɗi kai tsaye ba, sai dai gayyatar biki. Haka mawaƙanmu na Arewa suke har gobe, waƙa talla ce, kuɗin na wurin biki da wasan Sallah da 'yan siyasa.

Abu Huzaifa:
Ku ji tsoron Allah. Duk wannan lissafi a kan kiɗa? Da ma a ce sana'a ce ta kirki.

Admin:
Malam mun gode da nasiha, Allah ya saka. Wannan zauren na maganar sana'a da kasuwanci ne, hukuncin kiɗa kuwa a kai shi wurin malamai. A ci gaba, kuma kada kowa ya tanka da zafi.

Baba Na Sabon Gari:
Ni tambayata, in haka abin yake, su manyan ta yaya suka tara dukiya? A zamaninmu muna jin Led Zeppelin da jirginsu na kansu suke yawo.

Injiniyan Sauti:
Baba, Allah ya ƙara girma. Su Led Zeppelin manaja suka dace da shi, Peter Grant, ƙaton mutum tsohon ɗan kokawa. Ya ce wa masu shirya wasa ba talla ce ke cika fili ba, sunan yaransa ne, don haka kashi 90 na kuɗin ƙofa nasu ne, mai shiri ya riƙe 10. Wanda bai yarda ba ya nemi wasu. A sama abin haka yake, mai suna shi ke yanka farashi. Zagayen U2 na 2009 zuwa 2011 ya tara dala miliyan 736. Iron Maiden a 2016 da Boeing 747 suka zagaya duniya, mawaƙinsu Bruce Dickinson ne ma ke tuƙawa.

Amma su ma akwai wanda ya fi ƙarfinsu. A 1994 Pearl Jam, lokacin suna kan ganiyarsu, suka kai ƙarar kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster ga ma'aikatar shari'a ta Amurka kan kuɗin da ake ɗora wa tikiti, har majalisa suka je. Shekara na zagayowa aka rufe binciken ba abin da ya faru, su kuma suka sha wahalar neman filayen da ba na kamfanin ba. A 2010 Ticketmaster ta haɗe da kamfanin shirya wasanni na Live Nation, ya zama mai shirya wasa, mai zaure da mai sayar da tikiti duk gida ɗaya. Sai a Mayun 2024 gwamnatin Amurka ta maka su a kotu, shekara 30 bayan koken Pearl Jam.

Maman Ikram:
Ni labarin da na taɓa ji shi ne wasu da suka ce a kawo musu alewa amma a tsince mai ruwan ƙasa-ƙasa. Wannan ai iskanci ne.

Injiniyan Sauti:
Van Halen ke nan, alewar M&M's, a takardar sharuɗɗansu ta 1982. Mawaƙinsu David Lee Roth ya ce dabara ce. Kayan wasansu masu nauyi ne, takardar na da tsawo, akwai maganar ƙarfin dandamali da wutar lantarki. Sai suka cusa batun alewa a tsakiya. In sun shiga ɗaki suka ga mai ruwan ƙasa a kwano, sun san ba a karanta takardar ba, sai a sake duba komai. Ko gaskiya ya faɗa ko gyara zance ya yi daga baya, mu ma'aikata dai mun ɗauki darasin.

Tunda an zo nan bari in faɗi yadda yinin yake, don wasu na ɗauka yawon shaƙatawa ne. Ƙarfe takwas a tashi, a shiga mota, tafiyar awa biyar ko bakwai. La'asar a isa, a sauke kaya, a gwada sauti. Sai zaman jira a wani ɗaki maras taga har goma na dare. A yi wasa awa ɗaya da rabi, a tsaya teburin riguna, a loda kaya, ƙarfe biyu a kwanta. Gobe haka. Mutum zai ce ya je Paris, abin da ya gani kuwa bayan zaure ne da gidan mai.

Ga namu kuma akwai ƙari. Firij cike da giya aka tanada, kai ba ka sha. Nama ba ka san yankansa ba, sai ka ƙare a burodi da kifin gwangwani ko ka nemi shagon Turkawa. Sallah a gefen gidan mai cikin sanyi. In azumi ya faɗo a bazara, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma. Na taɓa tuƙa wasu 'yan'uwa Buzaye, abin da ya fi damunsu ba gajiya ba ce, inda za su hura gawayin shayi ne ba tare da ƙararrawar gobara ta tashi ba. Hanya kuma ba ta da tabbas. Cliff Burton na Metallica a haɗarin motar zagaye ya rasu a Suwidin a 1986, yana barci a gadon cikin motar. Har yau a manyan motocin nan ana ce wa baƙo ya kwanta ƙafa na fuskantar gaba, saboda birki.

Ɗan Tawa:
Ga kuma siyasa. Na tuna a Satumbar 2023 Faransa ta aika wa gidajen wasanninta takarda cewa su dakatar da hulɗa da masu fasaha daga Nijar da Mali da Burkina, ba da biza ma ya tsaya. Wanda ya shekara yana shirin zagaye sai ya wayi gari ba komai.

Hajiya Akanta:
Haka ne. Su Mdou dai da suka maƙale ba su zauna ba, suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙinsu da jitar da ba ta lantarki ba, shi ne faifan da ya fito a 2025.

Baba Na Sabon Gari:
Duk kun yi maganar na waje. Ni a ganina abin da ke kashe ƙungiya daga ciki yake fitowa, wato rabo. Ina saurayi aka yi na Fela. Bayan wasan Berlin na 1978 yawancin 'yan ƙungiyarsa ta Africa 70 suka watse, maganar kuɗi ce, ana ta raɗe-raɗin zai zuba kuɗin wasan a takarar shugaban ƙasa. Har Tony Allen mai ganga, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗan, ya kama gabansa. Mu ma a gargajiyance haka ne, mai waƙa shi ne uban tafiya, 'yan amshi da makaɗa abin da ya ga dama yake miƙa musu.

Hajiya Akanta:
Baba ka taɓo inda ke ciwo. A Ingila an yi na The Smiths. Su huɗu ne, mai ganga Mike Joyce yana zaton daidai ake rabawa, ashe kashi 10 ake ba shi na faifai da wasanni, Morrissey da Johnny Marr na ɗaukar 40 kowanne. Ba a rubuta komai ba. A 1996 kotu ta ce kashi 25 ne haƙƙinsa, aka ba shi kusan fam miliyan ɗaya, zumunci kuma ya mutu. R.E.M. su tun farko suka ce kowace waƙa sunan su duka za a sa, ko wa ya ƙirƙiro ta, kuma sun yi shekara 31 tare.

Mai Jita Agadas:
Mu dai liƙi a zane ɗaya ake tarawa, a cire na janareto da na mota, mai waƙa ya ɗauki kaso biyu, sauran ɗaya-ɗaya. Rubutu kuwa, in ka ce wa ɗan'uwanka a rubuta sai ya ce ba ka yarda da shi ba.

Auta:
To in kuka je Turai wa zai tara liƙin? 😂

Injiniyan Sauti:
Akwai liƙin da ba a gani, Auta, kuma namu da yawa suna barinsa a ƙasa. Duk zauren da aka yi wasa a Turai yana biyan hukumar haƙƙin mallaka, a Faransa SACEM, a Jamus GEMA, a nan SABAM. Bayan wasa akwai takardar da ake cikewa da sunayen waƙoƙin da aka buga da wanda ya ƙirƙire su. Wannan kuɗin ba ya bi ta hannun ejan, na mai waƙa ne. Amma sai in ya yi rajistar waƙoƙinsa da wata hukuma da ke da yarjejeniya da su. Na sha ganin takardar nan a yashe kan tebur, an ɗora mata kofin shayi.

Mai Jita Agadas:
Injiniya, mu da muke da tamu hukumar, BNDA, a Yamai, rajistar can ta wadatar, ko sai mutum ya sake yi a Faransa? Kuma waƙar da muka gada daga iyaye muka sake mata kiɗa, sunan wa za a rubuta?

Hajiya Akanta:
Ta farko, je ofishinsu da kanka ka ce su nuna maka ƙasashen da suke karɓo wa mambobinsu kuɗi, kada ka tsaya a kan jita-jita. Ta biyu kuwa, ana rubuta waƙar a matsayin ta gargajiya, sannan a sa sunan wanda ya sake tsara kiɗan, yana da nasa kason duk da bai kai na mai ƙirƙira ba. Inda rigimar take shi ne in ku huɗu kuka tsara tare, sai kun zauna kun yanke kason kowa kafin a cike takardar, don hukumar abin da aka rubuta mata kawai take bi.